Fartanyar da Baba Ya Zo da Ita Zariya

Idan ana maganar sanin Zariya, ban ga wanda zai ja da ni ba, ko da kuwa a gindin ganuwa aka binne cibiyarsa. Ka ɗaure mini ido da rawani, ka juya ni sau bakwai, ka ajiye ni a Ƙofar Doka, zan kai ka Samaru ban taka ko kashin akuya ba. Shekara da shekaru ina koyarwa a wata firamare a Muciya, kuma duk shekara ni ke loda 'yan aji shida a bas in zaga da su gari. Na san dutsen da ya tsufa, na san wanda yake ƙaryar tsufa. Na taɓa gaya wa yara cewa ƙadangarun Dutsen Kufena gaishe ni suke yi da ka idan sun gan ni, har wata yarinya ta rubuta hakan a jarrabawa, na kuma ba ta maki.

Wuri ɗaya ne a garin nan ban sani ba, shi ne kuwa aka zo nema a wurina. Kabarin mahaifiyata.

Inna a asibiti ta rasu a nan Zariya, a tsakiyar marka. Ni na ɗauko ta daga ƙauyenmu da ciwon ciki. Baba ya tsaya ya ƙarasa maimai, da niyyar zai biyo mu bayan kwana uku. A kwana na biyu rafin garinmu ya kawo, ya tafi da gadar katako. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba. Na ba direban motar kasuwa saƙo, saƙon ya kwana huɗu a bakin rafi. Kafin Baba ya ji, mun binne ta a maƙabartar Kirista da ke bayan Sabon Gari, ni da fastonmu da matan zumunta waɗanda ba su taɓa ganinta a tsaye ba. Wani kafinta ya buga mini gicciyen katako, na rubuta sunanta da fenti. Na kuma riƙe alama a kaina: dalbejiya ta biyu daga hanya, taku goma sha biyu wajen gabas.

Ba a yi wa kabari siminti sai ya sha damina ɗaya, ƙasa ta zauna. Na ce sai baɗi. Baɗi ta zo na kasa. Ni da nake sa mutane dariya a gidan makoki har a harare ni, ƙafata ta ƙi shiga ƙofar nan. Sai a shekara ta uku na daure na je. Na tarar wutar ƙunar ciyawa ta bi wurin da rani, gara ta ƙarasa abin da wuta ta rage. An sare dalbejiyar da 'yan'uwanta, maƙabartar ta faɗaɗa, hanyar ma ba ita ba ce. Na tsaya ina neman inda zan fara ƙirga taku goma sha biyu, babu. Na hau babur na dawo gida. Matata kaɗai na gaya wa.

Da shiru na yi, da da sauƙi. To amma bakina ba ya iya zama babu aiki. Duk Kirsimeti idan na je gida, Baba zai kawar da kai gefe ya ce, “Ana dai share mata wuri?” Shekarar da na dawo daga ganin babu, na ce masa an yi siminti. Da shekara ta zagayo simintin ya samu farin fenti. Ta gaba furanni suka fito. Ta gaba na kewaye shi da shingen ƙarfe. Kafin a cika shekara tara, kabarin Inna ya fi gidan ciyaman ɗin ƙaramar hukuma kyau. Baba sai ya gyaɗa kai ya ce, “Madalla.” Bai taɓa cewa zai zo ba. Manomi irinsa, idan ya bar gona kwana biyu, gani yake dawa za ta yi yaji.

Ido ne ya kawo shi. Da kaka ce, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, ciyawa ta gama girma. Na je tashar Sabon Gari na tarye shi, yana riƙe da wani buhu da ya naɗe a hammata. A asibiti likita ya haska idanun, ya sake haskawa, sannan ya ja ni gefe ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sawunsa, magani jinkirtawa kawai zai yi. Na dawo na ce wa Baba likita ya ce idonsa ya fi na shaho. Muna kan babur, mun wuce Palladan, sai ya matso da baki kusa da kunnena.

“Malamin makaranta, gobe ka kai ni in ga uwarku, tun da sauran haske.”

Ni ne ɗan fari, don haka bakinsa bai taɓa kama sunana ba. Ina yaro “kai wannan” nake, da na samu aiki na zama “malamin makaranta”.

A gida ya kwance buhun. Fartanya ce ƙarama, bakinta ya cinye har ya zama kamar tafin hannu, an sa mata sabuwar ƙota. Na gane ta. Da ita Inna take noman gayaunarta, inda take shuka kuɓewa da yakuwa da gyaɗar da take sayar wa kanta zane. Mu asalinmu Maguzawa ne, matanmu da fartanya a kafaɗa suke tashi.

“Na san akwai siminti,” in ji shi, “amma gefe ba ya rasa ciyawa.”

Na bi matata kicin tana tuƙa tuwo. Ko juyowa ba ta yi ba.

“Malam, ka gaya masa yau.”

“Gobe.”

“Gobenka ce ta kawo mu nan.”

Ga dabarar da na ƙulla, ina jin kunyar rubuta ta. Jibi motar garinmu za ta tashi da sassafe. Idan na zaga da tsoho gari har ya gaji, rana ta faɗi, sai in ce sai wani zuwan. Wani zuwan kuwa, likita ya riga ya gaya mini yadda zai kasance.

Da gari ya waye na ce masa maƙabarta da safe raɓa ta yi yawa. Ya ce raɓa ba ta taɓa hana shi shiga gona ba. Na ce mai gadin ba ya buɗe ƙofa sai la'asar. Ya ce to. Na ce kafin nan, ai abin kunya ne a ce uban wanda ya fi kowa sanin Zariya ya zo ya koma bai ga Zariya ba. Ya ɗauki buhunsa ya ɗora a cinya, muka kama hanya.

Da ganuwa na fara. Na tsayar da babur, na gyara murya kamar ina gaban 'yan aji shida. Na ce a zamanin da, tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya tsallake ta. Na ce mutanen da suka gina ta, idan suka zauna cin abinci, sai kasuwa uku ta tashi. Baba ya ƙarasa ya ɓantari ƙasar, ya murza ta a yatsunsa, ya kai hanci.

“Jar ƙasa ce. Gyaɗa za ta yi a nan.”

Muka shiga birni, wajen tsohon masallacin nan na ƙasa. Wani dattijo da ke zaune a ƙofa ya san ni saboda yaran da nake kawowa. Suka gaisa da Baba, gaisuwar tsofaffi, ta gida da gona da gajiya, ya ce mu leƙa. Muka tuɓe takalma. Ina nuna masa bakan gizon da suka riƙe rufin, ina cewa babu takarda babu ma'auni aka yi wannan, da ido kawai da hannu. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

“Duhu ne a nan, ko idona ne?”

“Duhu ne, Baba.”

Ba duhu ba ne sosai. A nan na fara jin abin da nake yi. Ɗan hasken da ya rage wa mutumin nan, wanda ya ƙullo ya kawo wa matarsa, shi nake ɓarnatarwa a kan bango. Na ji, amma ban fasa ba. Na ce saura Wusasa.

A Wusasa akwai tsohuwar majami'a ta ƙasa, ƙarama, mai sanyi kamar randa. Nan ne wurin da na fi ƙwarewa. Na fara zuba, Turawan mishan kaza, maginan birni kaza, ga Dutsen Kufena can yana kallonta tun ranar da aka aza tubali. Baba ya wuce ni ya shiga, ya zauna a can baya, ya cire hula. Na yi shiru don na ɗauka addu'a yake yi.

“Ta gaya mini ɗakin nan,” in ji shi.

“Wa?”

“Uwarku. Kai ta goyo. Ƙyanda ta kusa kashe ka, na yi yanka a gindin tsamiya har kaji suka ƙare, ta ce ita dai asibitin mishan za ta kai ka. Na ce in ta fita kada ta dawo. Ta fita. Kwana goma sha ɗaya ta yi a garin nan. Ta ce idan ka yi barci, nan take zuwa ta zauna daga baya, ba ta san abin da suke rerawa ba, tana dai jin sanyi a ranta. Ta dawo da kai da rai, da waƙa ɗaya a baki. Shekara ashirin tana rera mini ita a gona kafin in yarda a tsoma ni a ruwa.”

Ya shafa bangon da tafin hannu.

“Ban san shi ne za ka kawo ni ba. Ka kyauta.”

Na kawo yara ɗakin nan ya fi sau goma. Ban taɓa sanin an taɓa shigowa da ni a goye ba. Kuma “ka kyauta” ɗin nan, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Azahar ta yi. Muka biyo ta Sabon Gari, na saya masa masa da miya a bakin kasuwa, ya ci biyu ya ture. Da muka zo kwanar da ke zuwa maƙabarta na ƙara wa babur wuta.

“Ba nan ne Sabon Garin ba?”

“Nan ne, Baba, amma la'asar da saura. Akwai abu ɗaya da in ba ka gan shi ba, ba ka zo ba.”

Na miƙe da shi har Samaru, ɗakin kayan tarihi da ke cikin jami'a. Wata matashiya ce ke kula da wurin, mai fara'a. Ta ce a bar buhu a ƙofa. Baba ya ƙara matse shi a hammata. Ta leƙa ta ga fartanya, ta yi dariya.

“Shigo da ita, Baba. Amma ka riƙe ta da kyau, kada in sa mata lamba.”

Nan ne kaɗai Baba ya sake. Tukwane, tuluna, kawunan yumɓu da aka haƙo daga ƙasa, tsofaffin garemani, kayan tsafi irin waɗanda ya tashi a cikinsu. Sai ya kai fuska dab da gilashi ya juya ta wajen idon dama. Ya ga wata babbar tukunya ya ce irinta kakata take dafa burkutu a ciki. Ni kuma ina biye ina cewa wannan tukunyar ta girmi Annabi Nuhu. Yarinyar ta ce a'a, ba ta kai ba.

Ya nuna wani farin rubutu a gefen tukunyar.

“'Yata, wannan zanen fa?”

“Lamba ce, Baba. Kowane abu a nan yana da tasa. Akwai babban littafi, idan ka buɗe lambar za ka ga garin da aka samo shi, da gonar, da zurfin ramin. Ko bayan shekara ɗari wani ya zo, zai iya komawa daidai wurin.”

“Har ramin?”

“Har ramin.”

“Tukunyar wace ce?”

“Ba mu san mai ita ba, Baba. Ta daɗe da mutuwa.”

“Amma kun san raminta.” Ya gyaɗa kai. “Allah ya yi miki albarka.”

Da muka fito ya ɗaga fuska wajen rana, ya ce la'asar ta yi. Gari ya ƙare mini. Babu sauran dutse ko bango da zan ɓuya a baya.

Maƙabartar ba ta da ƙofar da ake kullewa, balle mai gadin da zai buɗe ta. Baba ya lura. Ciyawa ta kai ƙirji. Ina gaba ina buɗa masa hanya, yana riƙe da bayan rigata, irin yadda nake riƙe tasa idan za mu kasuwa ina yaro. Ina tafiya ina waige-waige, sai Shaiɗan ya nuna mini wani kabari: farin siminti, shingen ƙarfe, har da furanni a gwangwani. Kamar wanda aka gina daga bakina. Baba bai iya karatu ba, ko ya iya ma idon ba zai kai ba.

Na ce, “Ga shi, Baba.”

Ya saki rigata. Ya dafa ƙarfen ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya shafa simintin daga kai zuwa ƙafa. Ya kwance buhu ya fito da fartanyar ya ajiye a gefe. Sunan wani mutum ne a rubuce a wurin, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ina kallonsa da idona.

“Ke,” in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Ga ni. Rafi ne ya tare ni, kin san halinsa. Daga baya kuma kunya ce. Na ce me zan zo in ce miki, na bar ki kin tafi a hannun baƙi saboda maimai.”

Na yi ƙarya a rayuwata da za ta cika tirela, amma ban iya tsayawa na ji ƙarshen wannan magana ba.

“Baba, ba ita ba ce.”

Bai juyo ba.

“Ban san inda take ba. Ban yi simintin ba. Gicciyen ya ƙone, an sare itacen. Tun shekara shida na neme ta na rasa.”

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce wa mai kabarin, “Gafarta, bawan Allah,” ya dafa ƙarfen ya miƙe. Na miƙa hannu, bai kama ba.

“Ta wane gefe ne?”

Na nuna masa wajen gabas, wani fili mai faɗi kamar rabin gona, tudun ƙasa a jere a ƙarƙashin ciyawa, babu suna babu alama. Na ce tana cikin nan, iyakar sanina ke nan.

Ya naɗe hannun riga, ya sunkuya, ya fara daga bakin fili. Na ce Baba, ai ba mu san wanne ba ne. Ya ce in ba ita ba ce, maƙwabtanta ne, shekara tara suna zaune tare. Yana noma kamar yadda yake yi a gona, ba gaggawa, yana kaɗe ƙasar saiwa yana jefarwa baya. Idan ya gama tudu ɗaya sai ya dafa shi da hannu ya ɗan tsaya, sannan ya wuce na gaba. Na tuɓe rigar aiki na shiga tuge ciyawa da hannu, ƙaya tana yanka ni. Wani tsoho mai haƙa kabari ya zo wucewa, ya tsaya ya tambayi wa muke nema. Baba ya ce, “Gida muke sharewa.” Mutumin ya koma ya ɗauko lauje ya kama mana.

Mun share goma sha bakwai kafin rana ta yi ja. Wannan ban ƙara ko ɗaya ba. Sauran sun fi haka yawa. A kan na ƙarshe Baba ya zauna, ya rera waƙar nan ta Inna, baiti ɗaya, da muryar da ba ta taɓa iya waƙa ba. Ya yi addu'a. Bai sa ni a ciki ba, bai kuma cire ni ba, cewa ya yi Ubangiji ya san inda kowa yake.

Muka hau babur muka koma gida. Matata ta dubi hannuwana ta dubi fuskarsa, ta kawo ruwan zafi. Kafin damina ta zagayo idon dama ya rufe. Bai sake zuwa Zariya ba. Ni har yanzu ina kwasar yara in zaga da su, suna dariyar ƙadangaru, amma a Wusasa yanzu a baya nake zama in bar su su duba da kansu.

Washegarin ranar da muka share kaburburan nan, da safe na kai shi tasha. Na sama masa gaban mota, na ba direba amanarsa. Buhun yana kan cinyarsa. Na tsaya a bakin taga ina neman abin da zan faɗa, ni da ba a taɓa jin bakina ya mutu ba. Daga ƙarshe na kama bakin buhun.

“Baba, bar mini fartanyar. Ni zan ajiye ta, in riƙa zuwa ina sharewa. Duk wata. Kai, duk mako.”

Ya juyo da idon dama ya dube ni, kamar yadda ya dubi tukwanen nan ta cikin gilashi. Ya janye buhun daga hannuna a hankali.

“A'a, malamin makaranta. Da ajiya nake nema, da yarinyar nan mai tukwane zan ba. Ita ta san inda take ajiye abu.”